Idan Jami'in Tantancewa Ya Ƙi Murfinka: Yadda Ake Karanta Sakamako da Mayar da Amsa

Duk wanda ya ƙirƙiro sabon murfi, ko kwalba, ko kwali, ko wata dabarar ƙunshe kaya, ya kai ta ofishin da ke bincike na gaske don neman takardar mallakar ƙirƙira, to ya shirya wa abu ɗaya: amsar farko galibi ƙi ce. Masu ƙirƙira da yawa a nan suke karaya, su jefa wasiƙar a durowa har wa'adi ya wuce, alhali yawancin lokaci abin da jami'in yake cewa shi ne kalmomin da aka zana iyakar ƙirƙirar da su sun yi faɗi, sun shiga gonar wasu. Wannan kuwa abu ne mai gyaruwa idan an san hanya.

Dalilin tsananin a wannan fanni shi ne tsufansa. John Mason ya samu takardar kwalbarsa mai murfin murɗawa tun 1858. William Painter na Baltimo ya samu ta murfin kwalbar lemo mai haƙora a 1892. Nathaniel Wyeth ya samu ta robar PET mai jure iskar lemo a 1973. Bayan mutum bakwai sun mutu a yankin Chicago a 1982 sakamakon guba da aka sa a maganin Tylenol, kamfanoni sun yi ta rige-rigen ƙera murfin da ke tona asiri idan an taɓa buɗe shi. Haka kuma dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 3 ga Yuli, 2024, wadda ta ce murfin robar abin sha mai cin har lita 3 dole ya kasance maƙale da robarsa, ta sake jawo wani sabon tururuwar neman takardu. A tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire na duniya, duk waɗannan suna ƙarƙashin lamba B65D, kuma jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka a cikin wannan tarin yake wuni.

Mataki na farko: gane wane ofishi ne ya yi magana

Sakamako ba iri ɗaya ba ne, domin ofisoshin ba aiki ɗaya suke yi ba. A Najeriya, ƙarƙashin Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, ofishin rajista da ke Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja yana duba cikar takardu ne kawai: akwai bayani, akwai da'awa (jerin abin da kake neman a mallaka maka), an biya kuɗi, ƙirƙira ɗaya ce. Ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Abin da hakan ke nufi shi ne tantancewa ta gaske sai ranar da ka kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, lauyansa ya zaro wata tsohuwar takarda ya nemi a soke taka. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin mutum zai iya sayar da fili ya sayi injin zuba roba saboda dogaro da satifiket da ba wanda ya taɓa gwada ƙarfinsa.

Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka kan mallakar ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Bangui, wadda ta kafa ƙungiyar, a 2015 ya shigo da bincike mai zurfi. Gana da Sudan suna cikin ARIPO, wata ƙungiyar irin wannan da ke Harare, wadda ita ma tana bincike. Ofishin Turai, EPO, da na Amurka, USPTO, suna cikin waɗanda suka fi tsanani. Akwai kuma hanyar PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan neman takardar mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 2005: ka shigar da buƙata ɗaya, a ba ka rahoton bincike da rubutaccen ra'ayi, sannan kana da wata 30 daga ranar shigarwarka ta farko, wasu wuraren 31, ka zaɓi ƙasashen da za ka shiga. Ra'ayin PCT ba hukunci ba ne, ba ya bayarwa kuma ba ya hanawa, amma shi ne mafi arhar hanyar sanin gaskiyar ƙirƙirarka kafin ka kashe kuɗi a ƙasa biyar.

Mataki na biyu: kwanan wata kafin komai

Kafin ka karanta hujjar jami'i, nemo wa'adin amsa ka rubuta shi inda za ka riƙa gani. A Amurka wata 3 ne ga wasiƙar ƙi ta farko, ana iya sayen ƙari har zuwa wata 6, daga nan babu ƙari. A ofishin Turai galibi wata 4 ne, ana iya neman ya kai 6. A PCT, damar gyara da'awa bayan rahoton bincike wata 2 ce daga ranar da aka aiko shi, ko wata 16 daga ranar farko, duk wanda ya fi nisa. A Amurka da Turai, buƙatar da ba a amsa ba ana ɗaukarta an yi watsi da ita, kuma farfaɗo da ita ya fi amsar tsada.

Mataki na uku: shimfiɗa da'awarka kusa da takardun da aka kawo

Da'awa ita ce jimlolin nan masu lamba a ƙarshen takardarka, waɗanda ke cewa ga ainihin abin da nake so a hana kowa yi. Su jami'i yake tantancewa. Bai ga samfurin da ke kan teburinka ba, kuma ba ruwansa da yadda 'yan kasuwa suka yaba.

A rahoton bincike za ka ga haruffa kusa da kowace tsohuwar takarda. X na nufin wannan ita kaɗai ta isa ta kayar da da'awarka. Y na nufin za ta kayar da ita idan aka haɗa da wata mai Y. A na nufin tana dai fannin, ba ta cutar da kai. Sauke kowace daga Espacenet ko Patentscope ko Google Patents, shafukan intanet ne kuma duk kyauta ne, ka fara da zane-zanen, domin a harkar murfi zane ya fi rubutu faɗar gaskiya.

Bari mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. A ce ka ƙera murfin jarkar manja mai lita 25. Kowa ya san yadda man ke bin wuyan jarka bayan an tsiyaya, ya ɓata hannu, ya kwashi ƙura. Murfinka yana da ɗan bututu a tsakiya, da kwarmi kewaye da shi mai tare man da ya gangaro, da 'yar huda a gindin kwarmin da ke mayar da man ciki. Sai ka lura cewa da sanyin hunturu manja yana daskarewa ya toshe hudar, don haka ka sa ɗan tsinke a cikin marufin sama, wanda duk sanda aka rufe yake shiga hudar ya tura daskararren man ƙasa, kuma a gefen tsinken akwai tsaga da ke barin mai ya ci gaba da wucewa. Da'awa ta 1 ta ambaci bututu, kwarmi da huda. Ta 3 ta ƙara tsinke. Tsagar kuwa tana cikin bayani da zane na 4, ba ta cikin kowace da'awa.

Ɗauki farar takarda ka ja layuka. A hagu rubuta kowane sashe na da'awar shi kaɗai: bututu, kwarmi, huda, tsinke, tsaga. A sama jera takardun jami'i. A kowane gida rubuta lambar zane da lambar sashen inda abin ya bayyana, ko ka bar shi fayau idan babu. Kada ka yi wa kanka sassauci a nan. Idan jami'i ya kawo murfin robar ruwan sabulun wanki mai bututu da kwarmi da huda, to gidaje uku sun cika, da'awa ta 1 ta faɗi. Gidajen da suka rage fayau su ne jarinka.

Mataki na huɗu: gane irin ƙin da aka yi maka

Na farko shi ne rashin sabunta: takarda ɗaya ta nuna duk abin da ka lissafa. Amsar da ke fara zuwa bakin mai ƙirƙira ita ce, ai wancan na sabulu ne, nawa na manja ne. Wannan amsa ba ta ci. A Amurka an yanke haka a shari'ar Schreiber ta 1997. Mutumin ya nemi mallakar wani murfi mai siffar mazurari da ke fitar da gugguru 'yan ƙwayoyi kaɗan-kaɗan idan an girgiza. Jami'i ya kawo wata takardar Suwizalan mai irin wannan baki, wadda aka yi don tsiyayar mai daga gwangwani. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan jami'in: tunda ƙirar ɗaya ce, kuma tsohon yana iya yin aikin, sabon amfani ba ya mayar da tsohon abu sabo. A fannin mazubi wannan ƙa'ida tana kayar da mutane sosai, saboda kusan kowane mazubi yana iya ɗaukar wani abu daban da wanda aka yi shi dominsa.

Ka kuma sani cewa ba takardun mallaka kaɗai ake kawowa ba. Duk abin da ya fita bainar jama'a hujja ne. Wanda ya zo da buhun adana wake mai leda biyu a ciki zai tarar da buhun PICS a gabansa, aikin da masu binciken Jami'ar Purdue suka faro a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma wallafa shi a mujallu. Bidiyon da kai kanka ka sa a Facebook kana nuna murfin kafin ka shigar da buƙata shi ma hujja ne a kanka. Amurka tana yi wa mai ƙirƙira afuwar shekara ɗaya. Turai ba ta da irin wannan afuwa ta gaba ɗaya, dokar Najeriya kuma wata 6 ta bayar, shi ma ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi.

Na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi wuyar amsawa, shi ne a ce abin sabo ne amma duk masanin fannin zai iya hango shi. A nan ake haɗa takardu biyu ko uku. Akwai bambance-bambancen da jami'an Amurka ba sa ɗauka da muhimmanci, kuma suna da tsofaffin hukunce-hukunce a hannu. A shari'ar Rose ta 1955, wani ya nemi mallakar ɗaurin katako mai girman da sai motar ɗaga kaya, alhali an san ƙananan ɗauri da ake ɗauka da hannu, aka ce girma kaɗai ba ƙirƙira ba ne. A shari'ar Dailey ta 1966, kan mazubin roba na shayar da jarirai, aka ce siffa zaɓi ce kawai muddin ba a nuna tana yin wani aiki na musamman ba. Canza ƙarfe zuwa roba, ko ƙara yawan abin da aka riga aka sani, duk a wannan layi suke. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar KSR a 2007, haɗa sanannun sassa da kowannensu ke yin aikinsa na da ya ƙara zama abu mai wuyar karewa. Turai kuma tana da nata tsari: a ɗauki takarda mafi kusa, a ga bambancin, a tambayi wace matsala bambancin ya warware, sannan a duba ko masani da ke fuskantar wannan matsala lalle zai bi hanyarka.

Sauran ƙin sun fi sauƙi. Idan an ce da'awa ba ta fito fili ba, nemi kalmomi irin su “mai ƙarfi”, “siriri”, “mai sauƙin buɗewa”, ka maye su da awo ko da bayanin ƙira, matuƙar suna cikin takardarka ta asali. Idan an ce ka haɗa ƙirƙira biyu, misali murfin da kuma injin da ke ɗaura shi, zaɓi ɗaya, ɗayar ka raba mata buƙata daban wadda za ta riƙe ranar farko. Idan bambancinka rubutu ne ko hoto a jikin kwali, ba za a ƙirga shi ba sai yana da alaƙar aiki da mazubin.

Mataki na biyar: rubuta amsar

Koma kan jarka. Jami'i ya ba murfin sabulu X a kan da'awa ta 1. A kan ta 3 kuma ya haɗa shi da murfin robar gam mai tsinke da ke shiga baki don kada gam ya bushe, ya ce masani zai ɗauki tsinken can ya sa a hudar nan.

Abu na farko, bar da'awa ta 1 ta tafi. Jayayya a kanta ɓata kuɗi ne da ɓata yardar jami'in. Ɗauko tsinke da tsagarsa ka shigar da su cikin sabuwar da'awa ta 1, ka nuna shafi da layi da zanen da suka fito a takardarka ta ranar farko. Sannan ka yi magana da harshen ƙira. A murfin sabulu, hudar dole ta zauna a buɗe bayan an rufe, domin a lokacin ne ruwan da ya rage a marufin awo yake komawa ciki. Tsinken gam kuwa aikinsa toshewa ne ɗam. Wanda ya ɗauko shi ya sa a hudar sabulu ya kashe aikin da aka yi hudar dominsa, don haka masani ba zai yi ba. Ko da ya yi, ba zai samu tsinke mai tsaga ba, wanda yake share hanya kuma ya bar ta a buɗe, kuma babu ɗaya cikin takardun biyu da ta san matsalar man da ke daskarewa. Irin wannan hujja ita ke motsa jami'i, domin yana iya buɗe zanen ya gani da idonsa.

Ga tarkon da ya fi kowanne haɗari: ba a ƙara sabon abu. Da a ce tsagar bayan ka shigar da buƙata ka gano ta, ba ta cikin bayani ko zane, to ba ka da ikon sa ta. Ofishin Turai ya fi kowa tsanani a kan haka, har ana soke takardar da aka riga aka bayar saboda kalma ɗaya da ba ta da tushe a rubutun asali. Shi ya sa tun ranar farko ake cika bayani da kowane ɗan lungu na murfin, kusurwa, kauri, irin robar, da sauran hanyoyin da za a iya ƙera shi, ko da a lokacin kana ganin ba su da muhimmanci.

Idan jami'i ya ce bambancinka zaɓi ne kawai, kawo gwaji. Jarkoki masu tsinke da marasa tsinke, manja ɗaya, sanyi ɗaya da aka auna, a ƙirga sau nawa aka buɗe aka rufe kafin huda ta toshe. A Amurka ana gabatar da wannan a rubutacciyar shaida da aka sa wa hannu. Ka gwada da abin da jami'in ya kawo, domin gwaji da murfin kasuwa na yau da kullum ba ya amsa tambayarsa. Yawan ciniki ma ana iya kawowa, amma sai ka nuna tsinken ne ya jawo shi, ba araha ko talla ba.

Ina ba da shawarar a nemi ganawa da jami'in ta waya ko bidiyo kafin a aika amsa, inda ofishin ya yarda. Murfi abu ne da ake ganewa da gani. Wakilinka, wato lauya ko masanin da ke bin maka takardar, ya riƙe samfurin da aka tsaga biyu, ya rufe a hankali, a ga tsinken yana shiga, sannan ya tambaya kai tsaye wace kalma ce idan an ƙara za ta wadatar. Ka kuma taƙaita magana a rubuce. Duk abin da ka ce don ka tsira daga tsohuwar takarda yana zama a fayil, kuma a Amurka mai kwaikwayonka zai karanta shi gobe ya ce da bakinka ka ce ba ka nufin irin nasa. Kada ka ƙuntata fiye da buƙata: idan ka rubuta cewa tsagar milimita 2 ce alhali ba a tilasta maka ba, wani zai yi ta milimita 3 ya wuce abinsa.

Mataki na shida: sakamako na biyu

Idan an sake ƙi, a Amurka wasiƙa ta biyu galibi ana kiranta ta ƙarshe, amma sunan ya fi abin tsoratarwa. Kana iya biyan kuɗi a ci gaba da tantancewa da sababbin gyare-gyare, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin alƙalan ofishin. Ɗaukaka ƙara tana da ma'ana idan kun saɓa a kan abin da tsohuwar takarda take nunawa kuma ka tabbata kai ke da gaskiya. Idan har yanzu akwai gidan da ya rage fayau a jadawalinka, ci gaba da tantancewa ya fi sauri. A Turai ka nemi zaman sauraro tun a amsarka ta farko, don kada a ƙi ka ba tare da an ji ta bakinka ba. Idan an ƙi, kana da wata 2 ka sanar da ɗaukaka ƙara, wata 4 ka kawo dalilai.

Wani lokaci kuma gaskiya ita ce a haƙura. Idan da'awar da za ta wuce ta ƙuntata har ba mai kwaikwayon da za ta kama, kuɗin ya fi amfani a wani wuri. Idan abin da ya bambanta kayanka kyan siffa ne, rajistar zane ce gidansa, kamar yadda kwalbar Coca-Cola ta samu a 1915. A Najeriya tana ba da shekara 5, ana sabuntawa sau biyu, sai dai ita ma tana buƙatar siffar ba ta riga ta fita ba, don haka da wuri ake shigar da ita. OAPI da ARIPO suna da ƙaramar takardar mallaka ta shekara 10 ga ƙananan dabaru, abin da Najeriya ba ta da shi.

Idan kuwa an amince, karanta da'awar da aka amince da ita kalma-kalma kafin ka biya. A Amurka wata 3 ne na biyan kuɗin fitarwa, ba ƙari, sannan akwai kuɗin riƙewa a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi. A Turai wata 4 ne na amincewa da rubutun, kuma bayan an bayar kowa yana da wata 9 ya shigar da ƙorafi, abin da kamfanonin ƙunshe kaya suke yi wa juna sosai, don haka ajiye samfura da takardun gwajinka. Wa'adin takardar shekara 20 ne daga ranar shigarwa, a Najeriya kuma kowace shekara ake biyan kuɗin riƙewa.

Takardar tana ba ka ikon hana wasu ne a ƙasar da ta bayar, ba ta ba ka izinin ƙerawa ba. Murfinka na iya zama naka, amma zoben da ke tsinkewa idan an buɗe, ko igiyar da ke riƙe marufi, na wani ne wanda takardarsa ke da rai a ƙasar da kake son sayarwa. Kafin ka ba da kuɗin sassaƙa ƙarfen da za a zuba robar, sa wakilinka ya koma kan takardun da jami'i ya ba A, ya duba wace ce har yanzu ake biya mata kuɗi, a wace ƙasa, kuma ya karanta da'awarta ya gwada da murfin da za ka fitar kasuwa.